Kafin Ki Sayo wa Madam Kifi

Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin sauka Kara lafiya, motar ba ta kakkarya miki ƙugu ba, ɗakin da otel ɗin ya ba ki kuma yana da taga. Allah Ya tsare min ke a shiga da fita, Ya haɗa ki da mutanen kirki, waɗanda ba na kirki ba kuma Ya mantar da su sunanki. Mamanki na gaishe ki. Ni ma lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da mutuncina, waɗanda suka ji ciwo tare ranar Juma'a.

Ga yadda aka yi. Tun da kika tafi gidan ya yi shiru, har ina jin ƙarar famfon iska na akwatin kifi daga bakin ƙofa. Da aka sauko daga masallaci sai na tarar da wani masunci a bakin titi da bokiti, a ciki akwai wani ɗan kifi ja wur, an yayyafa masa shuɗin ɗigo kamar lefen amarya. Na san irinsa. Na san halinsa. Na saya. Ina shiga falo na juye shi cikin akwati, ko babbar rigata ban cire ba. Kafin la'asar ya ƙwace rabin akwatin, kifina ashirin da uku sun cure a kusurwa ɗaya kamar fasinjojin da ruwan sama ya ritsa a tasha. Na hau kujera da 'yar raga in kamo shi, hannun riga ya fizgo tiyon injin tace ruwa, tiyo ya shiga yi wa falo ban ruwa, kujera ta zame. Na tsinci kaina a ƙasa, hulata kuma tana yawo a saman ruwa, kifin yana kai mata cizo.

Mamanki ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, wanka ne ko alwala?"

Na ce, "Aiki nake."

Ta ce, "To sannu da aiki. Wannan ne gwanin da Uwani ta je Kara tana alfahari da shi?"

Kifin yana bokiti a bayan gida yanzu, Mamanki ta ba shi wa'adin kwana uku ko ya koma kogi ko ya shiga miya. Amma maganar tata ce ta sa na ɗauki biro. Kin ce min ranar da Madam mai otel ta yi miki tambayoyin ɗaukar aiki, ta nuna miki babban akwatin da ke zauren baƙi, wanda da yake da kifi arba'in yanzu saura goma sha ɗaya, ta ce wanda ya riga ki aikin, a kan kifin nan ta sallame shi. Ke kuma kika buɗe baki kika ce, "Babana shekara ashirin yana kiwon irinsu." Shi ne ta ba ki wata uku na gwaji, da teburin karɓar baƙi da akwatin kifi duka a wuyanki. Shekara ashirin ɗin gaskiya ne. Abin da ba ki gaya mata ba, don ba ki sani ba, shi ne kifin da na kashe a shekarun nan zai ciyar da unguwarmu tun daga buɗe-baki har sahur. Tunda aikinki ya rataya a kan sunana, gara ki san ko wane ne ni.

Kin hana ni saƙon murya, kin ce na ƙarshe minti arba'in ne kuma rabinsa gardama ce da mai gyaran moto, wato babur ɗina. To ga takarda. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu ni da lekol, makarantar boko, muka rabu, kuma ba wanda ya yi kukan wani. Ku 'yan boko kuna kiran kifin nan sikilide. Ni dai abin da na sani dangin karfasa ne da suka sami kuɗin sayen atamfa.

Kuskurena na fari ido ne. Lokacin ina sabon haɗa akwatin nan da ragowar gilashin wani kanti da na yi wa tagogi, na je Jijole wurin wani mai sayar da kifi da tsuntsaye. Na ga wani ɗan baƙin kifi mai jan zane, bai fi babban yatsana ba, yana bin hannuna ta jikin gilashi kamar ya san ni tun a Sakkwato. Sunansa oska. Na ce, "Wannan yana girma?" Mai kanti ya ce, "Alaji, wannan? Iyakarsa ke nan." Ya kira ni Alaji alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, tun daga nan ya kamata in gane. Bayan wata biyar kifina suka fara ɓata ɗaya-ɗaya. Na ɗora laifin a kan kyanwar Tanti Afi maƙwabciyarmu, har na je na yi mata kashedi, ita Tantin, ba kyanwar ba. Sai ranar da nake karyawa na ga oska, ya kai tafin hannuna, yana kallona da wutsiyar ɗan'uwansa a baki. Ko kunya bai ji ba.

Saboda haka kada ki tambayi mai kifi ko zai girma, zai ce a'a. Ki tambayi sunansa, ki duba a wayarki girman da yake kaiwa. Duk kifin da zai shiga bakin wani, abincinsa ne, ko shekara nawa suka yi suna gaisawa. Waɗanda za ki ƙara su zama tsaran waɗanda kika tarar, kada su fi su ƙanƙanta sosai, kada su fi su girma sosai. Kuma ina gaya miki tun yanzu, wata rana kukun otel ko wani baƙo mai son burge ki zai kawo miki 'yar tarwaɗa a leda ya ce kyauta ce. Ki yi godiya ki miƙa ta kicin. In kina son mai sharar ƙasa, ƙurungu za ki nema. Fatarsa da kauri, ƙayarsa da kaifi, ba ya tsokana kuma ba a tsokanarsa. Da ina da halin ƙurungu da na yi arziki.

Na biyu tausayi ne ya ja min. Gwaggonki Lami ta dawo daga Akra da wani jan kifi mai doguwar wutsiya kamar mayafi, ta ce tsaraba ce. Na san bai dace da nawa ba, amma wa zai ce wa Lami a'a? Na sa shi. Washegari wutsiyar ta koma tsohuwar tsintsiya. Lami ta zo ta gani, ta ce na yi wa kifinta hassada, ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata. Ki lura, kifin Madam na tafkin Malawi ne, na gane su a hoton da kika turo. Waɗannan ba sa zama da mai sanyin hali, ba sa zama da mai doguwar riga. Ko ruwan da suke so ma daban ne, abincinsu kuma ganye ya fi yawa, in kika cika su da nama ciki ya kumbura. Danginsu za ki kawo musu. In Madam ta ga wani kyakkyawa a talabijin ta ce shi take so, ki ce mata a yi masa nasa akwatin, babanki mai gilashi ne, yana neman aiki.

Duk abin da na sani mai amfani a harkar nan, a wurin mutum ɗaya na koya. Ba lallai ki tuna Fo Kosi sosai ba, wani dogo ɗan ƙabilar Ewe a unguwar Be-Kpota, mai kwamaye na siminti a bayan gidansa inda yake haifar da kifi. Kina ƙarama nakan ɗora ki a moto mu je, matarsa ta ba ki soyayyar ayaba. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Zongo, a kasuwar shanu ya koya, shi ya sa ko yabo zai yi kamar zagi yake fita.

Wata rana na je masa da kuka, na sayi kifi ɗaya mai tsada na sa, kafin gari ya waye sun kashe shi. Ya ce, "Sule, kai ba ɗan kasuwa ba ne? Kowane kifi a akwatinka yana da rumfarsa. Ka kawo baƙo ɗaya ya tsaya a tsakiya da kaya a ka, me kake so su yi masa, shayi?"

Na ce, "To ya zan yi?"

Ya ce, "Ka rushe kasuwar. Ka kwashe duwatsun duka, ka sake jera su yadda ba wanda zai gane ƙofar gidansa. Ka ciyar da su su ƙoshi, ka kashe fitila, sannan ka zuba baƙi shida a lokaci ɗaya. Mai neman rumfa ba ya da lokacin dukan wani."

Na gwada, ya yi. Har yau ban ga dabarar da ta fi ta ba. Ki roƙi Madam ta sa a kawo miki ƙarin duwatsu, a Kara ba abin da ya fi su yawa, ki wanke su da ruwa zalla ba sabulu, ki yi koguna da yawa su fi kifin yawa. Kada ki zuba talatin rana ɗaya don ki burge, injin tace ruwa ba zai ɗauka ba. Shida, ki jira sati biyu, wasu shida.

Sai maganar maza. Nan ma na sha kashi. Mazan su ne masu launi, matan yawanci ba su da ado, ni kuma da na je saye sai in zaɓi masu ƙyalli zalla. Na taɓa tara shuɗaye biyar masu zane iri ɗaya, duka maza. Uwani, ko taron zaɓen shugaban 'yan zemijan, masu acaɓa, bai kai wannan rikici ba. Namiji in ya ga mai irin rigarsa, ko ba danginsa ba ne, abokin gaba ya gani. Ki duba launin da ke akwatin Madam, ki kawo wanda babu. Na ga shuɗi ya yi yawa a hoton, to ki nemi 'yan rawaya masu baƙin layi a fiffike, su ne masu haƙurin gidan. Kowane namiji ɗaya ki haɗa shi da mata uku ko huɗu, don in mace ɗaya ce zai bi ta har ta mutu. Na karanta wa Mamanki wannan layin, ta ce in rubuta miki cewa dokar ta kifi ce kawai. Na rubuta.

Akwai wani abu da za ki gani ki tsorata, don ni na tsorata. Kina da shekara takwas wata 'yar rawaya ta daina cin abinci, maƙogwaronta ya kumbura, ta shige kogo. Kwana goma ba ta ci ba. Ke kika ce azumi take, ni na ce ciwo ne. Na kamo ta na buɗe mata baki da tsinken sakace in ga abin da ya maƙale, sai ga 'ya'ya suna zubowa a tafin hannuna, ƙanana kamar shinkafa da ido. Ashe haka suke yi, uwar ta riƙe ƙwan a baki wajen sati uku ba ci, sai sun iya iyo ta sake su. Na zubar mata da su kafin lokaci, guda huɗu kawai suka rayu. In kin ga mai irin wannan kumburin ki ƙyale ta, in a wurin mai sayarwa ne kada ki saye ta, wahalar hanya za ta sa ta tofar. Ranar Lahadi a tasha, da motarku ta tashi, ita ce ta faɗo min a rai. Ita sati uku ta riƙe, ni shekara ashirin da huɗu, ina ci ina sha har da ƙari, amma sakin bai zo min da sauƙi ba. Mamanki ta ce kuka na yi. Hayaƙin mota ne.

Wurin zaɓe kuma kada ki yi sauri. Ki tsaya gaban kwamin kamar mai jiran bashi, ki ce a jefa musu abinci a gabanki. Wanda ya rugo ya ci, shi ne naki. Wanda ya rakuɓe, ko ya manne fiffikensa a jiki, ko cikinsa ya lotsa, ko yana goga jikinsa a dutse, ko kika ga farin ɗigo a jikinsa kamar an barbaɗa gishiri, ki bar shi, ki bar duk waɗanda ke kwami ɗaya da shi. In kin kawo su gida ki ɗora ledar a kan ruwa ta ɗan jima, sannan ki kwashe su da raga. Ruwan leda ba ya shiga akwati. Ruwan famfo kuma sai ya kwana a buɗe kafin ki zuba.

Yanzu na zo kan wanda nake ta kewayewa tun shafin farko.

Shekara shida da suka wuce, saura kwana huɗu Babbar Sallah, na so akwatina ya cika don baƙi su gani. Na je wurin Fo Kosi na ɗauki takwas, lafiyayyu kamar 'yan dambe. Yana ɗaure leda yana cewa, "Sule, baho daban, sati uku. Ko kifin uwarka ne, baho daban, sati uku." Kullum haka yake faɗa, sabon kifi sai ya zauna shi kaɗai a ga ko yana ɗauke da cuta. Na ce to. A hanyar dawowa, kusa da kasuwa, na ga wani yana sayar da kifi a kwalabe a kan tebur. Biyu suka shiga idona, araha kamar kyauta. Na ga ɗan farin ɗigo a wutsiyar ɗaya, na ce wa kaina yashi ne. Na iso gida na juye duka goman cikin akwati, har da ruwansu, don sati uku ya wuce Sallah.

Ranar Sallah baƙi sun yaba. Bayan kwana goma ina kwashe gawa da ludayin miya. Cikin talatin da ɗaya, biyar suka tsira. Kina lise, babbar sakandare, lokacin, kin tambaye ni, na ce miki ɗauke wuta ne.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na hau moto na tafi Be-Kpota da zafina. Na tarar da shi da masu saye uku, ɗaya ma bature ne, matarsa tana wanki a gefe. Na ɗaga murya na ce ya sayar min da kifi masu cuta, na ce shekara goma sha huɗu ina ba shi amana ashe macuci ne. Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Sule, ka sa su a baho?"

Na ce, "Na sa."

Ya ce, "Ba ka haɗa su da na kowa ba?"

Na ce, "Na wa zan haɗa?"

Ya dube ni. Ya san ƙarya nake, na san ya sani. Biyu daga cikin masu sayen nan suka ajiye ledojinsu suka fita. Ya ce, "To zo ka ɗebi wasu, ba sai ka biya ba." Na ce ba na so, na tada moto har da tayar masa da ƙura. Tun ranar ban sake taka unguwar ba. In aiki ya kai ni wajen, sai in zagaya ta bakin teku, in ce wa kaina iska nake sha. Mamanki ce kaɗai ta sani, don ita ta wanke kwalaben nan biyu, har yanzu tana zuba man ja a ɗaya. Ba ta taɓa cewa komai ba, sai dai in mun yi faɗa ta ɗauko ta ta ajiye a gabana.

Darasin kifin kin ji shi: baho daban, da famfon iskarsa, sati uku, ko da wa ya kawo su. Madam za ta matsa miki. Za ta ce akwai taro ranar kaza, akwai biki, manyan baƙi za su zo, akwati ba kyan gani. Ke kuma sabuwa ce, kina son ki nuna kin iya. Ki dube ta da ladabi ki ce, "Madam, sati uku." In ta ɓata rai, ɓacin ran kwana biyu ne. In kika zuba suka mutu, jakarki za ki ɗauko. Kuma in duk da haka wani abu ya lalace ta hannunki, Allah Ya kiyaye, ki je da ƙafarki ki ce ni ce. Kada ki nemi mai gadi ko mai shara ki rataya masa. Ni na gwada, shekara shida ke nan ina zagaye ta bakin teku, man da na ƙona ya isa sayen wani akwatin.

To ga inda maganar ta tsaya. Na yi tambaya, a Kara ba mai irin kifin da kike buƙata. A nan Lome masu sayarwa suna da yawa, daga Jijole har Agoe, amma wanda zan rantse a kan kifinsa, wanda ya iya ɗaure su da iska su yi tafiyar yini a mota su isa da rai, mutum ɗaya ne. Na kwana biyu ina neman na biyu, babu. Na ce wa Mamanki ko ita za ta je, tunda suna gaisawa da matarsa a kasuwa. Ta ce, "Ni na yi masa ihu?" Na ce ko in aika a saya da wani suna. Ta ce, "Aikin 'yarka za ka fara da wata ƙaryar?" Kin san Mamanki, ba ta da dogon zance, shi ya sa ba a cin ta a gardama.

Saboda haka ranar Asabar bayan azahar zan je Be-Kpota. Ba zan tafi da wasa ba, ko da yake ban san yadda ake magana ba tare da shi ba. A gaban mutane na zage shi, a gaban mutane zan ce ni na yi ƙarya, in ba masu saye zan zauna in jira su zo. Na yi ta gwadawa a gaban akwati, kifin sun ce ba laifi, sai dai ina yawan cewa "amma". In ya kore ni yana da gaskiya, zan koma Asabar ta sama. Ke dai ki turo min tsawon akwatin da faɗinsa da hoton kowane kifi a cikin sha ɗayan nan, ki nemi baho ki wanke, ki jira.

Allah Ya yi miki albarka, Uwani. Ya tsare ki daga sharrin hanya da na baki da na gaggawa irin ta babanki. Ya sa Madam ta ga alherinki, Ya sa wata ukun nan su zama shekaru masu daɗi. Ki riƙe sallarki, ki ci abinci ko da ba irin na gida ba ne, ki kira Mamanki ran Juma'a don tana yi kamar ba ta jira.

In direban motar Kara ya miƙo miki kwali mai ɗigar ruwa, ki san babanki ya durƙusa kuma gwiwar hagun ta ɗauka. In sati biyu suka wuce ba ki ga komai ba, kada ki kira ni, zan ba ki labari mai daɗi. Ki kira Mamanki.

Naki,
Babanki Sule mai gilashi
Zongo, Lome